Yatsana da Mazarƙwailar Makarfi

Daren Laraba, Ikara

Da hannun hagu nake rubutun nan, kuma bakina ne ya ja mini. Mijin 'yata Hauwa ya zo daga Legas, na ce zan zaga da shi Makarfi, kamar ni na kafa garin. Mun sha rake, mun ci tsire, muka leƙa inda ake dafa mazarƙwaila.

Ya ce, "Baba, yaya ake gane ta yi?"

Shekara hamsin ina shanta, ban taɓa tambaya ba. Sai kawai na tsoma yatsa.

Mai dafawa ya ce, "Alhaji, mu da muciya muke dubawa."

To me suke gani a jikin muciyar? Ban ji ba, ina ta hura yatsa.

Saura garin Kudan gobe. Na riga na yi masa alkawarin nuna masa haƙar dankali. Allah ya tsare ƙafata.