Jinin Mijina da Ɗakin Awon da Aka Rufe

Zuwa ga Shugaban Asibitin garinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ranka ya daɗe.

Sunana Hadiza, matar Haruna mai sayar da fetur a galan a hanyar Jangeru. A asibitin nan aka haife ni. Ina yarinya, akwai ɗan ɗaki kusa da bishiyar darbejiya inda ake awon jini. Da safe ake tsaga maka yatsa, kafin azahar ka san ciwonka. Babana, ma'aikacin jirgin ƙasa a Ƙaura, ba ya yarda mu sha ƙwaya sai mun shiga ɗakin nan. Yau an garƙame ɗakin, tsofaffin katifu ne a ciki.

Ga kukana.

Na farko, tun damina Haruna ke zazzaɓi, bakinsa duk gyambo, ƙaramin ƙurji sai ya ƙi warkewa. Duk zuwan da muka yi aka ce taifot ne, aka rubuta kafso, ba wanda ya ɗibi jininsa. Da ya ƙare sai mu ƙaro a kemis.

Na biyu, sai da ya kasa tashi muka kai shi Gusau. Can likita ta ce fararen ƙwayoyin jininsa, masu kare jiki daga cuta, sun yi ƙasa ƙwarai. Ta ce abubuwa da yawa na kawo haka: cutar ɓargo, wasu ƙwayoyin cuta, ƙarancin abinci mai gina jiki, wasu magunguna. A nasa, ta fi zargin biyu: fetur ɗin da yake zuƙowa da baki ta tiyo shekara da shekaru, da kuma kafson da ya daɗe yana sha, wanda kan danne ɓargo.

Haruna ya dawo gida, alhamdu lillahi, amma mutumin da ke ɗaga jarka biyu yanzu buta ke ba shi wahala.

Ina roƙon a buɗe ɗakin awon. A daina rubuta maganin nan ba awo. A tura ma'aikaci ya faɗakar da 'yan fetur, don har yau ƙanin Haruna na kan teburinsa na sayar da fetur da tiyo a baki, kuma shi ke ciyar da mu.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon gyarawa.

Wassalam.

Hadiza, matar Haruna