Famfon Feshinka Yana Bayan Yaya

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana cikin rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma da ban iya miƙa maka ba, kai ka san ni.

Inna tana nan, ta fita takaba. An cire gyaɗa, ba ta yi auki ba. Mangwaron yayanka Baffa Ilu kuwa, na lambun hanyar Tudun Kaya, ya yi fure kamar ba a yi mutuwa ba.

Baba, an ba Yaya Nafi'u famfon feshinka. Igiyar goyon ma ba a sake ba, rage ta kawai aka yi don kafaɗarsa ba ta kai taka ba.

Ranar farko daga waje ya tsaya ya fesa, iska na bayansa. Na ji daɗi. Bayan 'yan kwanaki Baffa ya je ya ɗaga reshe, ya juya ganyen ciki, ga farin ƙwaron nan maƙale a bayansa, ko jiƙewa bai yi ba. Bishiyoyin sun tsufa, sun yi duhu, ganyen waje ne ke shanye maganin, na ciki ba ya samu. Baffa ya ce shi ba wankan bishiya ya sa a yi masa ba, a shiga ciki yadda marigayi yake yi.

Yadda kake yi, Baba. Ka shiga gindinta, ka ɗaga sandar feshin sama, ka ɗaga fuska don ka ga inda yake zuwa, abin da ganye bai riƙe ba ya zubo maka. Ka dawo riga sharkaf, ido jajur, ka aike ni ruga in karɓo nono, wai nono yana kashe dafin. Ni nake kawo maka. Me ya kashe? Da aka kai ka asibiti kana karkarwa, yawu na zuba, ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da muka ba ka. Inna ta ce nono, sai matar ta kawar da fuskarta.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban ja da Allah ba. Amma na ji ka taɓa ce wa Baffa a rage rassan tsakiya don feshi ya riƙa shiga daga waje, ya ce kowane reshe kwandon mangwaro ne, sai ka sunkuyar da kai. Me ya sa ka yi shiru? Ni da ake cewa na cika kunya, a wurin wa na gado ta? Ban taɓa faɗa maka ba, na tsani warin rigarka, kuma duk ranar feshi haushinka nake ji. Har yanzu ina ji.

Jiya Yaya ya shiga ciki. Ya dawo yana tari, yana dariya, wai ya zama kai. Ya miƙo min kwano in je ruga. Tun safe na shirya abin da zan faɗa masa. Sai kawai na miƙa hannu. Na karɓi kwanon, Baba. Na je na kawo, na tsaya har ya shanye.

Saura bishiyoyin bakin rafi, sun fi sauran duhu, gobe zai yi su. In ka ga ya iso ka da wuri, kada ka tambaye shi. Ka san hanyar da ya biyo, kai ka nuna masa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka.

'Yarka,
Uwani