Yayana Ya Goge Hanyar Da Na Zana Wa Baba

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zai raba ni da yayana, don wallahi har yanzu zuciyata tafasa take.

Mahaifinmu mai gyaran agogo ne. Bara ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa, ya koma keken guragu. Mutum ne mai zuciya, ba ya son a tura shi, da hannunsa yake murza kekensa ya tafi shago. Matsalar ita ce gefen titi: nan daɓe lafiya lau, can matakala, gaba kuma kwata a buɗe. To akwai wata taswirar intanet da kowa ke iya shiga ya gyara, ita wayarsa ke bi ta nuna masa hanya. Ni da Yaya duk muna cikin masu gyaran, shi ne ma ya koya min. Sai na ɗora wa kaina aiki. In na tashi daga makarantar da nake koyarwa, in bi unguwa da ƙafa, rana na dukana, ina zana hanyar masu tafiya a ƙasa da layinta daban, kusa da na titi. Inda akwai gangare in sa, inda daɓen ya yanke in yanke layin. Har takalmina ya cinye. Baba yana ta tsokanata wai ya haifi injiniya bai sani ba.

Shi kuwa Yaya, sarkin zaman kujera, daga hoton da tauraron ɗan adam ya ɗauka daga sama yake nasa aikin. A ganinsa layukana ƙazanta ne, sun cika taswira kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Wai ya isa a rubuta a jikin layin titin a taswirar cewa yana da hanyar ƙafa hagu da dama. Bai tambaye ni ba, bai ko turo saƙo ba, ya bi ya goge su tas ya sa nasa. Kuma fa gida ɗaya muke kwana!

Ranar da aka haƙe hanyar da Baba ya saba bi don sa bututun ruwa, sai ya nemi wata a waya. Ta kai shi titin bayan kasuwa, inda ni na san daɓen ya ƙare a ƙarƙashin wata bishiya, kwalbati ya rufta. Daga sama ganye kawai ake gani, shi ya sa Yaya ya rubuta akwai hanyar ƙafa a wurin. Baba ya iske rami, dole ya sauka cikin motoci, wani mai babur ya bugi gefen keken ya kife. Gwiwar hannu kawai ya kurje, mun gode Allah, amma sai da aka cicciɓe shi kamar buhu, jama'a na kallo. Tun ranar bai sake fita ba. Shago a rufe, agogunan mutane na ciki, shi yana zaune bakin taga wai hutawa yake. Ba hutu ba ne, Anti, tsoro ne da kunya.

Da na tare Yaya ko haƙuri bai ba ni ba, sai ma cewa ya yi layukana ba su haɗu da wuraren tsallaka titi ba, waya na rasa hanya, mutane na ƙorafi. Ji min mutum! So nake in goge nasa kaf, in tona masa asiri a zauren masu taswirar kowa ya san abin da ya jawo. Mama ta ce in yi shiru don girmansa. Ni kuwa na gaji da shiru. Yaya zan yi?

'Yar Mai Agogo

AMSA

'Yar Mai Agogo, sannu. Kina da gaskiyar yin fushi. Wanda ya goge aikin da aka yi da ƙafa bai tambayi mai shi ba ya yi laifi, kuma girma ba ya hana a gaya wa mutum ya yi kuskure.

Sai dai maganarsa ma ba duka ce shirme ba. Layin da bai haɗu da wurin tsallakawa ba, waya ba za ta bi da kowa ta kansa ba. Ki sake dubawa, in haka ne ki yarda. Rashin ba da haƙurin kuwa, ina zargin ba taurin kai ba ne kaɗai. Wanda ya san da hannunsa a faɗuwar mahaifinsa yakan fake da musu.

Kada ki goge nasa, kada ki kai shi zaure. Ki goge ya goge, taswirar da Baba ya dogara da ita ta zama filin dambe. Yau ɗin nan ki dawo da yankewar daɓen bayan kasuwa a taswirar, ki rubuta dalili a taƙaice ba zagi, don gobe wani mai keken na iya bi. Sauran ku raba: ke ki zana, shi ya haɗa wuraren tsallakawa, tunda a nan ya fi ki ido. Amma kafin nan ki aro keken Baba, ki roƙi Yaya ya zauna a kai ya murza da hannunsa har gindin bishiyar nan. Ba sai kin ƙara masa kalma ko ɗaya ba.

Shi kuma Baba, mai irin zuciyarsa ba ya fita don a lallashe shi, amma zai fita in aiki ne. Ku gaya masa gaskiya: ku da ƙafa kuke auna gangare, shi kaɗai ya san wanda hannu zai iya hawa, kuna buƙatarsa ya zo ya nuna muku. Ranar da ya yarda, ki jefa makullin shagon a jakarki, kada ki ce uffan, ku dai bi ta ƙofar.

Allah ya ba Baba lafiya, ya huci zuciyarki, ya daidaita tsakaninki da yayanki.