Fim ɗin da Na Samu a Akwatinki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya haskaka makwancinki. Ni ne ɗanki na fari. Na san mutane za su karanta wannan takarda, su karanta in sun so, amma da ke nake.

Ki yi haƙuri da tsawon maganar. Tun da nake ban taɓa yi miki magana mai tsawon haka ba, ke ma ba ki taɓa yi mini ba. Daga rugar bayan Bukkuyum aka kawo ki Anka, kuma a wajenku kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ki kiran sunana. Ba ki zama inda na zauna. In na shigo tsakar gida sai ki sami abin dubawa a cikin tukunya. In abinci ya sauka, ƙanwata Hajara kike ce wa, "Ce ma wancan tuwo nai na hucewa." Shekara ashirin da shida ni ne wancan.

Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini. Amma wallahi, Inna, abin ya ci mini rai. Ina kallo kina jan kumatun Hajara kina yi mata kirari, ni ko ɗaga ido ban samu ba. Tambaya ɗaya ce da ni tun ina ƙarami, ita ce ta sa na ɗauki biro yau: kin taɓa kallona kuwa?

Kin tuna kyamarar nan tawa ta roba, baƙa mai jan maɓalli? A kasuwar Gummi na same ta, kan tiren mai kayan wasan yara, tsakanin usur da bindigar ruwa, lokacin ina aji huɗu a sakandare. Ba batir, ba fitila. Ido ɗaya na roba, da 'yar taga ta leƙawa, da wata ƙafa da ake murzawa da babban yatsa bayan kowace ɗauka. Haske yana sato hanya ta gefe ya ƙona hoto ya yi ja, sai na liƙe ta da baƙin salatif. Ba sana'a nake yi ba, so ne kawai. Jakuna nake ɗauka, da masu wanki a bakin gulbi, da inuwar rumbu. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya ce hauka ce wadda ba ta kai a ɗaure mutum ba.

Kowa na ɗauka a gidan nan, ke kaɗai kika gagare ni. Sau uku na laɓe miki. Na farko na sami bayanki. Na biyu na sami hannunki da muciya. Na uku kika ja lulluɓi kika rufe fuska, kika ce wa Hajara, ba ni ba, "Kada a aje ni cikin takarda." Daga nan na haƙura.

Akwai wata ɗabi'a tawa da sai na tuna miki, don duk maganar a kanta take. Idan fim ya ƙare, ana danna wani ɗan maɓalli a ƙasan kyamara, a juya hannu har fim ya koma cikin kwansonsa. Ni ba na bari ya shige duka. Da na ji ya saki sai in tsaya, in bar harshensa a waje, kamar yadda sabo yake zuwa. Don kada in rikita sabo da wanda aka ɗauka, sai in gantsara wa harshen wanda aka ɗauka haƙori. Mai tabo ya gama aiki, marar tabo sabo ne. A tsakar gida nake naɗewa, gaban kowa. Cizon kuwa a ɗakina nake yi, lokacin da zan jefa shi cikin gwangwani.

Sai dogon hutun daminar nan, ina ɗan shekara goma sha bakwai. Na sa sabon fim, ko ɗauka ɗaya ban yi ba, na rataye kyamara a ƙusa na tafi gona. Na dawo, ƙusa ce kawai. Na birkice gidan. Na tsare Hajara da masifa har ta yi kuka ta rantse da abin da zai kashe ta. Kina zaune kina tsince shinkafa, ba ki raba mu ba, kuma na ji haushinki ranar ƙwarai.

A makonnin nan ne na fara jin wani abu. Ina alwala a bakin randa, sai in ji ƙas a bayana. In waiwaya, ba kowa, sai labulen ɗakinki yana ɗan motsi alhali ba iska. Ina gyaran sarƙar keke, ƙas. Ina cin tuwo a gindin darbejiya da rana tsaka, ƙas. Tsikar jikina ta riƙa tashi. Na ce ƙadangare ne a kan kwano. Na ce kaza ce. Daga baya na fara karanta Ayatul Kursiyyu kafin in juya wa ƙofar nan baya, don na yarda wani abu yana kallona a gidan, kuma ban san ko mene ne ba.

Bayan mako uku kyamara ta dawo kan ƙusarta, wayam, ba fim a ciki. Abin da kika ce kawai, kina fuskantar bango, shi ne, "Abu ya dawo, mi ya rage?" Ƙarar ma ta daina daga ranar.

Shekaru suka wuce. Na gama makaranta, na kama koyarwa a Gusau. Da albashina na farko na saya miki atamfa kore mai zanen makullai, na aiko ta hannun Hajara. Ban taɓa ganin kin ɗaura ba, ban kuma ji an ce kin gode ba.

Ranar da kika rasu ina cikin aji. Kafin motar Anka ta cika ta tashi, an riga an kai ki. Na iso na tarar da tabarmi da masu gaisuwa. Ban ga fuskarki ba, Inna. Kuma ga abin da ban gaya wa kowa ba: kafin sadakar arba'in fuskar ta fara ɓace mini. In na rufe ido sai in ga bayanki, in ga hannunki da muciya, in ga lulluɓi. Haba! Mutum ya rasa uwarsa, sannan ya rasa kamanninta? Na zauna a zaure na yi kuka kamar ba malamin makaranta ba.

Bayan arba'in ni da Hajara muka buɗe akwatinki na ƙarfe. A can ƙasa, ƙarƙashin kwalli da turare, muka sami atamfar nan tawa. Yadda na saye ta haka take, ba a yanka ba, ba a ɗinka ba, ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Da na warware ta sai wani abu ya faɗo ya gangara ƙarƙashin gado. Kwanson fim ne, harshensa a waje. Na duba da kyau, ba tabon haƙori.

Ki gafarce ni kan abin da na zata. Cewa na yi ashe ke ce kika ɗauke kyamarar, kika cire mini sabon fim kika ɓoye don in daina shirme. Na ce kin bar ni na ci mutuncin Hajara a banza, kuma ga kyautata ko taɓawa ba ki yi ba. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na jefa fim ɗin a aljihu ina cewa aƙalla ba zai tafi a banza ba.

Lokacin an riga an bar wa Kawu gidan, shi kuma ya ce injin niƙa dutse zai kafa a tsakar gida, don kowa ya koma neman zinariya. Na ce bari in ɗauki gidan kafin a ɓata shi. Da hantsi na sa fim ɗin nan a tsohuwar kyamarata, na bi gidan ni kaɗai. Ba kowa, har akuya an kwashe. Na ɗauki bakin randa. Na ɗauki gindin darbejiya, da murhu, da ƙofar zaure. Duk inda na tsaya sai in ji ƙeyata ta yi sanyi, kamar wancan hutun. Ɗauka ta ƙarshe na shiga ɗakinki, na tsaya gaban madubin nan mai tsaga da ke jikin bango, na riƙe kyamara a ƙirji na danna.

Na kai fim ɗin Gusau, wurin wani dattijo mai wankin hoto da ya saba da shirmena. Da na koma karɓa bayan azahar, bai yi mini ba'ar da ya saba ba. Ya riƙe ambulan ya ƙi saki. Ya ce, "Malam, ba ka ce gidan ba kowa ba?" Na ce ƙwarai. Ya yi a'uziyya a hankali, ya tura mini ambulan ɗin da yatsa ɗaya.

Inna, akwai mutum a kowane hoto.

A bakin randa ga wani ya duƙa yana alwala, fari-fari, ana hango bango ta cikin jikinsa. A gindin darbejiya ga shi zaune da kwano. A ƙofar zaure ga shi tsugune gaban keken da aka sayar tun shekara biyar. A wasu hotunan ya rabu biyu, rabin jiki nan, rabi can, launin duk ya koma ruwan ƙasa. Ba a ganin fuskarsa ko sau ɗaya, kullum ya ba da baya. Na zauna kan benci. Sai da na kai hoto na bakwai na gane rigar: rigar makaranta ce mai yagaggen aljihu. Ƙeyar nan tawa ce. Ni ne, ina ɗan shekara goma sha bakwai.

Dattijon ya ɗaga fim ɗin a hasken ƙofa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce sau biyu aka ɗauka a kansa, tsohuwar ɗauka da sabuwa sun hau juna. Ya ce ba aljani ba ne, ganganci ne. Ya yi dariya don hankalinsa ya kwanta. Ni ban yi ba, don a gefen kowane tsohon hoto akwai wani duhu mai geza, kuma na san gezar labulen ɗakinki.

Ashe ke ce. Ke ce ƙas ɗin nan. Mako uku kina bayan labule kina leƙena ta 'yar tagar roba, tunda ta nan ba wanda zai ce kin kalli ɗan fari. Kuma wa ya koya miki murza ƙafar bayan kowace ɗauka? Wa ya nuna miki maɓallin ƙasa, da tsayawa daidai inda fim ya saki a bar harshe a waje? Ba wanda ya koya miki. A hannuna kika gani, a tsakar gida, duk lokacin da nake zaton tukunya kike dubawa. Cizon kaɗai ya wuce ki, don shi a ɗaki nake yi. Da kin san shi, da na gane fim ɗin, da ban ɗora komai a kansa ba.

Saura hoto na ƙarshe. Ke ma gaban madubin nan kika ƙare, kin riƙe kyamara a ƙirji yadda na riƙe. Na fi ki tsawo nesa ba kusa ba, amma a hoton idanunmu sun faɗa wuri ɗaya, har ban iya raba nawa da naki. Ga fuskarki, Inna. Ga tsagar goshinki, ga wushiryarki, ba lulluɓi. Kina kallona kai tsaye, bakinki a ɗan buɗe kamar za ki kira wani.

Abu ɗaya ne dattijon bai iya yi mini bayani ba, ni ma ban matsa ba. Ɗankwalin da ke kanki a hoton kore ne mai zanen makullai. Shekara shida bayan wancan hutun na sayi atamfar nan, kuma ga ta nan a akwatina har yau, ba a sa mata almakashi ba. Na ce wataƙila kina da mai kama da ita a da. Na kai wa Hajara hoton har gidanta. Ta duba, ta mayar mini da sauri, ta ce ba ki taɓa mallakar irinta ba, kuma kada in sake kawo mata shi.

Ni ba na jin tsoronsa yanzu. Da farko na ji, ba zan ɓoye miki ba. Kin ce kada a ajiye ki cikin takarda, to ban rataye shi a bango ba, ban nuna wa kowa ba bayan Hajara. Yana cikin atamfarki. Idan fuskarki ta fara ɓace mini sai in buɗe in duba, in mayar. Kin ba ni amsata, Inna, kuma na ji kunyar duk fushin da na yi da ke.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanya shi dausayin Aljanna. Allah Ya yafe mini zaton da na yi miki. Ya haɗa mu a inda ba labule tsakaninmu. In mun haɗu kuma kunyar tana nan, ba komai, ki ce wancan, zan amsa. Amma in abin da bakinki ya buɗe zai faɗa ke nan a gaban madubi, to ki ƙarasa, ina saurare.

Wassalam.

Ɗanki na fari,
Lawali