Giris ɗin Ammi

Litinin, 6 ga Maris

Yau ma Appacci, mahaifina, bai ci ba. Burodin da na gasa masa gefe kawai ya ɓantara, sauran ya tura wa kyanwa. Tun da Ammi, mahaifiyata, ta rasu, kyanwar nan ce kaɗai ke ƙiba a gidanmu.

Likita Herath ya zo, ya ɗora shi a sikeli, sannan ya ja ni baranda. Wai in ba a ga canji ba kafin wata ya ƙare, asibitin Badulla za a kwantar da shi, a sa masa roba ta hanci. Mahaifina, wanda duk rayuwarsa yake ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a tashar Bandarawela. In aka fita da shi daga gidan nan ba zai dawo ba, na sani. Tsoro nake ji.

Alhamis, 9 ga Maris

Kunun ganye. "Na ƙoshi, duwa," wato 'yata. Da me? Da iska?

Lahadi, 12 ga Maris

Ƙanena Jagat ya bugo waya daga Melbourne. Zai zo sadakar wata uku. Muna lissafin abin da za a dafa wa sufayen haikali, sai ya ce, "Akka, yayata, kar ki manta da marmait ɗin Ammi. Abin da mamaci ya fi so ake ba su ai."

Na ce haba Malli, ƙanena, baƙin abin nan mai danƙo zan miƙa wa manyan mutane? Su yi mana addu'a ko su tsine mana?

Kwalbar ma babu ita. Tun makon rasuwa na ba maƙwabciyarmu Anti Somawati, ita da ke zuba shi har a soyayyar shinkafa. Na ce wa kaina, ko ba komai Appacci ya huta da warin.

Gida biyu muke a cikin gida ɗaya tun ina ƙarama. Ammi da Jagat ɓangare guda, ni da Appacci ɓangare guda. Jagat lafta shi yake yi a burodi har man shanun ya ɓace, yana lasar wuƙa don ya ba ni haushi. Ammi kuwa sha take yi, a ruwan zafi, cikin kofinta na tasa mai shuɗin baki, kowace safiya. Da warin ya isa baranda sai ka ji Appacci:

"Kusuma! Kin sake buɗe giris ɗin gwamnati? Da shi fa muke shafa wa ƙafar jirgi!"

Ita kuma daga kicin: "Ci burodinka, mai tuta. Wa ya ce ka ɗanɗana?"

Ni ina gefensa ina toshe hanci, ina jin kaina wata babba. Ranar da zazzaɓi ya kama ni kuwa babu mai cetona: Ammi ta matse ni a cinya ta ɗura mini, Appacci yana leƙe ta taga yana cewa, "Yi haƙuri, duwa, an ci mu da yaƙi."

Rabona da dariya har na manta. Yau na yi, ni kaɗai, wayar tana hannuna.

Juma'a, 17 ga Maris

Jagat ya iso. Ya yi tumbi. Ya ga Appacci sai ya shige banɗaki, ya daɗe.

Da ya fito ya fara maganar wani gidan kula da tsofaffi a Colombo, wai akwai nas dare da rana. Na ce ya bari mu gama sadaka tukuna. Mutum ya yi shekaru bai wanke wa ubansa ko kofi ba, daga sauka sai shawara.

Ya zo da tasa kwalbar, irin ta can Ostireliya. Wai ta fi tamu laushi a baki. Oho dai. Giris giris ne.

Asabar, 18 ga Maris

Sadaka. Dole sufaye su ci kafin rana ta take, shi ya sa tun da sassafe kicin ya cika da mata, ana goge kwakwa, ana yanka kifi. Jagat ya kutsa tsakiyarsu, ya tafasa ruwa, ya kwaɓa nasa cokali biyu cur a butar shayi.

Sai muka ji murya daga baranda.

"Ba shi ba ne."

Kafin mu juya, ga Appacci a ƙofar kicin da sandarsa, yana riƙe zaninsa da hannu ɗaya don kar ya zame. Rabonsa da ƙofar nan tun ranar da aka fita da Ammi.

"Wannan na baƙi ne. Nata ya fi wari. Ku kawo nata."

Anti Somawati ta ruga gida ta dawo da kwalbar, saura rabi. Ya ja kujera ya zauna yana ba da umarni kamar a tasha. Bakin cokali kawai, ba cokali ba. Kar ruwan ya zama mai tafasa, a bari ya ɗan huce. Jar albasa ƙarama, a yanka siriri. Masoro. Lemon tsami a ƙarshe, in an sa da wuri ɗaci yake yi.

Jagat ya ce, "Appacci, kai da ba ka taɓa sha ba?"

"Ban taɓa ba, kuma ba zan taɓa ba. Hancina ne ya sha, shekara arba'in."

Babban sufi ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce da wannan uwarsa ta tashe shi daga ciwon shawara. Na kusa da shi ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin a hankali, bai sake kallonsa ba. Ashe har a haikali gida biyu ne.

Bayan sun tafi Appacci ya ci shinkafa da miyar kifi, yana ci yana mita wai duk gidan ya ɗauki warin gareji. Ya nemi ƙari. Na fita waje na yi kukana.

Talata, 21 ga Maris

Jagat ya koma. Appacci ma ya koma gidan jiya. Ɓantare ɗaya, sai kyanwa.

Alhamis, 23 ga Maris

Ina wanke-wanke na ci karo da kofin Ammi, sai abin ya faɗo mini. Duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin Appacci ya karya kumallo ba sai yana faɗa da ita a kan abin nan. Ni kuma na ɗauke kwalbar, wai ina hutar da shi.

Juma'a, 24 ga Maris

Na haɗa yadda ya ce. Na bar ƙofar kicin a buɗe, warin ya tafi baranda, ni ina riƙe numfashi. Da ya huce na tuttular a gindin ayaba.

Can sai ya ce, "Ita ba ta zubarwa."

Bai taɓa burodin ba.

Asabar, 25 ga Maris

To. Na ɗauki kofin na je na zauna a kujerarta, gaba da gaba da shi. Na kurɓa. Gishiri, ɗaci, tsami, duk lokaci ɗaya; hawaye suka cika mini ido, ban san na wanne ba ne.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Wasanti, ke ma? Ke da muke tare? An saye ki da giris?"

Na ce, "Ci burodinka, mai tuta. Wa ya ce ka ɗanɗana?"

Ban taɓa yi wa mahaifina magana haka ba. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza, ban tambaya ba ko dariya ce. Ya cinye yanka biyu, har da ayaba.

Laraba, 29 ga Maris

"Maciya amana" ne sunana yanzu. Ƙwai ɗaya, burodi uku. Kyanwa tana fushi da ni.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Likita ya duba sikeli sau biyu. Ya ce a ci gaba da duk abin da ake yi, maganar asibiti a ajiye ta. Ya tambayi wane magani na ƙara. Appacci ya ce, "Ba ni aka ba ba, ita ke sha."

Na gaya wa Jagat ya manta da Colombo. Ban gaya masa sauran ba, in ya ji ba zan ƙara samun sakat ba.

Asabar, 8 ga Afrilu

Kwalbar ta ƙare, na sayo sabuwa. Babba na ɗauko, don ta fi araha, ba don komai ba.

Har yanzu wari yake yi. Ban canja ra'ayi ba.

Appacci ya yi barcin rana yau, gidan shiru, ana yayyafi. Babu mai ji, babu mai mita. Ban san dalilin da ya sa na sake ɗora ruwa ba. Lemon tsamin ya ɗan yi kaɗan, gobe zan ƙara.