Robobi Masu Jan Murfi

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Na janye duk tsokanar da na yi miki. Ranar da kika wuni a kicin kina dafa miya da wake da shinkafa kina rabawa a robobi, ni ne na tsaya a bakin ƙofa ina tambaya ko gidan abinci za ki buɗe. To, yau firizar nan ce ke riƙe da mu. Tun tafiyarki ban sayi abincin waje ba, ban zubar da ko loma ba. In na rufe shago sai in ɗumama, mu ci. Allah ya saka miki da alheri.

Damuwata Auta ce, kin san halin 'yarki. Ba ta cin komai sai abin da ya fito daga robobinki masu jan murfi, wai shi ne na Mama. Maƙwabciya ta aiko mana da abinci, yarinyar nan ta wuni da yunwa, ko kallonsa ba ta yi ba. Robobin sun kusa ƙarewa, ke kuma babu ranar dawowa.

Ki gaida Inna.

Mijinki,
Tela

*

Uwargida,

Sallama da gaisuwa. Yaya mai jiki? Yaya gajiyar asibiti?

Na yi abin da ban taɓa yi ba. Auta na makaranta, na rufe shago na shiga kasuwa. Na sayi tumatirin da ya fara laushi, irin wanda nake miki dariya a kai, ashe shi ne mai araha. Na ɗora babbar tukunyarki, na dafa, na bari ya huce kamar yadda kike yi, sannan na cika robobin na jera a firiza kamar ban san komai ba.

Da yamma na ɗumama ɗaya, na ajiye mata. Ta cinye tas. Ina cikin murna, sai ta ce ai tun cokalin farko ta gane, don Mama ba ta yanka albasa manya-manya kamar maɓallan kwat, kuma gishirina ya yi yawa. Na tambaye ta dalilin da ya sa ta ci. Ta ce tun jiya ta leƙa firiza ta ga naki ya ƙare, kuma in kika ji ba ta ci, za ki baro Kaka ki taho. Har ta roƙe ni kada in faɗa miki.

Na faɗa miki, don ban iya riƙe shi ni kaɗai ba. Ki zauna da Inna har ta warke. Mu nan muna ci, gishirin ma zan rage.

Naki har kullum,
Tela