Yadda Kawu Ya Sauke Auta Daga Buzun Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya kawo maka sauƙin ciwon bayan nan da ka ƙi kai wa asibiti. Mu nan alhamdu lillahi. Kumburin ƙafar Inna ya sace, har tana takawa bakin ƙofa ba sanda, maigidana kuma ya koma bakin aiki.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don in na faɗa maka a waya zagi zai fito daga bakina. An sauke Auta daga karatun tafsirin bayan la'asar, wanda ya gada daga Baba, Allah ya jiƙansa. Kawu ne ya sauke shi da kansa, tunda shi ne shugaban kwamitin masallaci.

Suna cikin Suratu Yusuf ne wani direban tasi da ba ya fashin karatu ya tambayi inda aka samo sunan ƙanen Annabi Yusuf. Ka san Auta da bin ƙa'ida, ko takalmi zai ajiye sai ya daidaita bakinsu. Ya ce Alƙur'ani bai ambaci sunan ba, shi kuma bai ga ingantaccen hadisi a kai ba, daga mutanen Littafi masu tafsiri suka ɗauko shi. Ya tuna musu tsarin da Baba ya ɗora mu a kai: Alƙur'ani a sama, sai hadisi ingantacce, sai maganar sahabbai, can ƙasa kuma labarin mutanen Littafi. Abin da ya dace da namu a karɓa, wanda ya saɓa a bar shi, wanda namu ya yi shiru a kansa kada a gaskata kada a ƙaryata. Washegari ya aro littafin Kiristoci wurin nas ɗin nan maƙwabciyarmu, ya buɗe ya nuna musu wurin, don kada wani ya tashi da zaton aya ce. Shi ke nan fa laifin. Kafin magariba labari ya zaga unguwa wai Auta ya mai da masallaci coci.

Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne, Kawun nan da ke cewa littafin gurɓatacce ne, ko taɓa shi bai kamata ba, shi ne ke zama a ƙofar shagonsa yana musu da makanike Kirista, yana zaro masa wuraren da ya haddace a Linjila, yana bugun benci wai ga busharar Manzon Allah a littafinsu. Ranar musu littafin hujja ne, ranar da Auta ya buɗe shi kuma ya koma ƙazanta. Wallahi ƙyamar abin nake ji.

Kawu ya kira Auta falonsa, ina ɗaki wurin matarsa ina jin komai. Wai ba wanda ya hana shi ba da labarin, ya ma ƙara masa gishiri in yana so. Abu ɗaya ake nema, kada ya ƙara faɗin inda ya fito, ya ce malamai sun ce, ya wuce kamar kowa. In ya yarda buzu nasa ne. Auta ya ce, "Kawu, in na ɓoye asalinsa mutane za su ɗauka maganar Annabi ce. Ba zan ɗora shi a matakin da ba nasa ba." Kawu ya ce to ya ajiye makullin akwatin lasifika ya tafi.

Yanzu surukin Kawu ne a wurin, mai muryar nan kamar ana sauke kwanon rufi. Ya ɗora daga inda Auta ya tsaya, ya faɗi sunan nan dai, ya ƙara da sunan uwar su Annabi Yusuf da abin da ta faɗa a bakin mutuwa, duk yana cewa wai ya zo a ruwaya. Wace ruwaya? Oho. Jama'a na ta kabbara. Da direban ya sake ɗaga hannu, aka ce masa yawan tambaya ba tarbiyya ba ce. Auta bai daina zuwa ba, can baya yake zama kusa da takalma, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Kai kaɗai Kawu yake jin nauyi, don Allah ka kira shi. Ba ni kaɗai nake roƙo ba. Jiya da aka fara karatu muryar ta shigo har ɗakin Inna, ta saurara kaɗan, sai ta ce in rufe mata taga. Ta ce tun tana amarya take jin gaskiya daga masallacin nan, ba za ta fara jin wani abu dabam da tsufanta ba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da Babba, da 'yan biyu, da takwarar Inna mai rigima. Inna na sa maka albarka, maigidana da Goggo suna gaisuwa. Auta bai san na rubuto ba. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai bi maka.